Ma'anonin Kalmar "Press" a Aikin Jarida: Darasi Daga Tarihin New Bell ta Duwala

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zaga unguwar New Bell ta birnin Duwala a ƙasar Kamaru, daga wajen Babbar Kasuwa zuwa layukan Hausawa, zai ga kalma guda a wurare biyu da ba su yi kama da juna ba. A saman ƙofar shagon mai wanki da guga an rubuta "pressing". A bayan rigar ɗan jaridar da ya zo ɗaukar rahoto kuwa an rubuta "press", ko "presse" idan da Faransanci ne. Tushen kalmomin ɗaya ne, amma wancan tufafi yake gyarawa, wannan kuma labari yake nema.

Wannan muƙala za ta bi diddigin kalmar "press" domin fito da ma'anoni huɗu da take ɗauke da su a aikin jarida. An zaɓi Duwala ne saboda kowace ma'ana daga cikinsu tana da tarihin da ya auku a birnin, galibi a New Bell ko a kan New Bell. Manufar ita ce ɗalibin harshe da mai fassara su ga cewa zaɓen kalmar Hausa da za ta tsaya a madadin wannan kalma yana iya faɗaɗa haƙƙin jama'a, yana kuma iya taƙaita shi.

2.0 Asalin Kalmar

Ingilishi ya aro kalmar daga tsohon Faransanci, shi kuma ya gaje ta daga Latin. Ma'anarta ta asali ita ce danna ko matsa. A kan wannan ma'ana ne Turawa suka sa wa katakon da suke murɗawa su matse inabi da zaitun wannan suna, kwatankwacin abin da ake matse rake da shi a ƙasar Hausa idan za a yi mazarƙwaila. Wajejen shekarar 1450, Johannes Gutenberg na birnin Mainz a Jamus ya ɗauki fasahar wannan katako, ya jera haruffan ƙarfe, ya shafa masu tawada, ya danna takarda a kansu. Sabon injin sai ya gaji sunan tsohon.

Hausa ma tana da irin wannan kalma, wato "buga". Bahaushe yana buga ganga, ya buga ƙwallo, ya buga waya, ya buga hatimi. Yana kai riga mabuga a buge ta har ta yi sheƙi, yana kuma buga littafi da jarida. Ke nan harsunan biyu sun ɗauko sunan ɗab'i daga aikin ƙarfi, kuma dukansu sun haɗa gyaran tufafi da fitar da rubutu a kalma ɗaya. Bambancin shi ne "buga" ta tsaya a kan aikin, ba ta zama sunan ma'aikata ko sunan wani haƙƙi ba. Don waɗannan sai Hausa ta nemi wasu kalmomi, mafi yawa daga Larabci, kamar "ɗab'i" da "maɗaba'a" da "jarida".

3.0 Duwala da Hausawanta

Kafin a shiga ma'anonin, ya kamata a amsa wata tambaya: me ya kawo kalmar Ingilishi birnin da aka fi sani da Faransanci? Tun kafin zuwan Jamusawa, 'yan kasuwar Ingila ne suka fi hulɗa da sarakunan bakin kogin Wuri. Shi ya sa aka san gidajen sarautar da sunaye irin su King Bell da King Akwa, kuma Turancin buroka ya zama harshen ciniki. Har yau ana jin sa a kasuwannin birnin. Daga baya kuma Ingilishi da Faransanci suka zama harsunan hukuma a Kamaru.

Hausawa sun iso bakin teku a zamanin Jamusawa. Wasu fatake ne da suka gangaro ta Adamawa, ta Ngaundare da Banyo da Tibati, suna cinikin goro da hauren giwa da tufafi. Wasu kuma an ɗauko su aikin ɗan sanda da soja. A zamanin Faransawa New Bell ta zama unguwar baƙi, inda Bamileke da Basa da Ewondo da mutanen Nijeriya da na Senegal da Hausawa kowa ya kama ɓangarensa. Fawa da tsire da ɗinki da fatauci su ne sana'o'in da aka fi sanin Hausawa da su a can. A kudancin Kamaru ma akan kira kusan duk Musulmin da ya fito daga arewa da sunan Bahaushe, ko da Bafulatani ne ko Babarbare.

Wannan al'umma ta daɗe tana samun labaran duniya ta rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Muryar Amurka a 1979, na Rediyon Faransa a 2007. Mafi yawan abin da mai sauraro yake ji a waɗannan tashoshi ya ratso ta hannun mai fassara. Saboda haka kalmar da mai fassara ya zaɓa ita ce za ta zauna a kan mai sauraro.

4.0 Ma'ana ta Farko: Injin Ɗab'i

Ma'anar farko ita ce ƙarfen kansa. A gaɓar Kamaru 'yan mishan na ɗariƙar Baptist ne suka fara kawo shi. Joseph Merrick, mutumin Jamaika, ya kafa injin ɗab'i a Bimbiya a shekarun 1840, yana buga littattafai da harshen Isubu. Alfred Saker na Ingila ya sauka Duwala a 1845, ya zauna a yankin Akwa, ya koyi harshen Duwala, ya kuma koya wa matasa jera haruffa. Ya kammala fassarar Sabon Alkawari a 1862, sannan dukan Littafi Mai Tsarki a 1872.

Idan aka haɗu da kalmar a tarihin wannan zamani, fassararta ita ce "injin ɗab'i" ko "injin buga littattafai". Babu ɗan jarida ko ɗaya a Duwala a lokacin. Abin lura shi ne, mai injin shi ke yanke abin da za a buga. A hannun mishan, littattafan addini da na koyon karatu ne suka fito. Malaman Hausawa da suka zo daga baya sun ci gaba da kwafar littattafansu da alƙalami da tawada, da Larabci da ajami, ba su bi ta kan injin ba.

5.0 Ma'ana ta Biyu: Maɗaba'a

Daga ƙarfe, kalmar ta koma sunan gidan da ƙarfen yake ciki, tare da ma'aikatansa da jarinsa. Wannan ita ce "maɗaba'a". Mai karatu na ƙasar Hausa ya san misalinta a Zariya, inda aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita, kafin a kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Haka maɗaba'un jami'o'i, waɗanda littattafan ilimi suke bugawa, ba ruwansu da labaran yau da kullum. Ɗalibin da ya ga sunan jami'a haɗe da wannan kalma ya fassara shi da "'yan jaridar jami'a" ya yi kuskure babba.

A Duwala, rashin maɗaba'a ta kai ya sa 'yan ƙasa suka fara neman ta a waje. A 1908 Mpondo Akwa, ɗan Sarkin Akwa, ya fitar da Elolombe ya Kamerun da harsunan Duwala da Jamusanci, amma a birnin Hamburg aka buga ta, kuma ba ta yi tsawon rai ba. A ƙarshen mulkin Faransa an sami jaridar kullum mai suna La Presse du Cameroun a Duwala, wadda ke hannun wani kamfanin Faransa. Ita ce Cameroon Tribune ta gwamnati ta maye gurbinta a 1974, kuma babbar maɗaba'ar da ke buga wannan jarida tana Yawunde a hannun hukuma. Mai jarida mai zaman kanta da ya dogara da injin hukuma, abin da Hausawa ke cewa ne: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

6.0 Ma'ana ta Uku: Jaridu da 'Yan Jarida

Ma'ana ta uku ta bar gini ta koma kan mutane da abin da suke fitarwa. Idan aka ce shugaba ya yi wa "press" jawabi, ana nufin manema labarai. Idan aka ce "press" ta yi ca a kan wani batu, ana nufin jaridu baki ɗaya. Daga nan ne aka sami "taron manema labarai" da "sanarwar manema labarai" da "sharhin jaridu". A yau kalmar ta haɗa har da ma'aikatan rediyo da talabijin da na intanet, waɗanda ba su taɓa shafa tawada ba.

Ita kanta New Bell an haife ta ne cikin wata rigima da jaridu suka shiga. A yarjejeniyar 12 ga Yuli 1884, sarakunan Duwala sun miƙa mulki ga Jamusawa bisa sharaɗin cewa filayen da suke zaune a kai da gonakinsu za su ci gaba da zama nasu. Amma daga 1910 hukumar mulkin mallaka ta tsara tashin 'yan ƙasa daga bakin kogi domin a keɓe wurin ga Turawa, a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakaninsu. Wurin da aka tanadar wa mutanen gidan Bell a bayan wannan fili shi aka kira sabuwar Bell.

Sarki Rudolf Duala Manga Bell, wanda ya yi karatu a Jamus, ya ƙi amincewa. Ya aika koke ga majalisar dokokin Jamus. Da aka riƙe wayar tangarahonsa, aka kuma tuɓe shi daga sarauta a 1913, sai ya tura magatakardansa Ngoso Din zuwa Jamus a ɓoye. Can ya sami goyon bayan lauyoyi da 'yan majalisa masu adawa da 'yan jarida, ciki har da Hellmut von Gerlach. Maganar ta bazu a jaridun Berlin, har kwamitin kasafin kuɗi na majalisa ya dakatar da aikin na ɗan lokaci a farkon 1914. Hukumar mulkin mallaka ta mayar da martani da tuhumar cin amanar ƙasa. Ranar 8 ga Agusta 1914 aka rataye Manga Bell da Ngoso Din a Duwala. Bayan makonni bakwai kacal sojojin Ingila da Faransa suka karɓe birnin. Mutanen Bell da yawa ba su zauna a sabuwar unguwar ba, baƙi ne suka cika ta, ciki har da Hausawa.

Manga Bell ba ɗan jarida ba ne, kuma ba shi da inji. Abin da ya nema shi ne maganarsa ta fita a bugu. A riƙe wannan, domin za a dawo gare shi.

7.0 Ma'ana ta Huɗu: 'Yanci

Ma'ana ta ƙarshe ita ce wadda ke cikin tsarin mulkin ƙasashe. A Ingila, John Milton ya rubuta Areopagitica a 1644 yana jayayya da dokar da ta ce ba a buga littafi sai da lasisi. A 1791 Amurka ta sa wannan haƙƙi cikin gyaran farko na tsarin mulkinta. Faransa ta yi tata dokar ranar 29 ga Yuli 1881. A zamanin Milton babu sana'ar jarida yadda muka san ta a yau. Abin da yake karewa shi ne haƙƙin kowane mutum ya kai rubutunsa ga inji ba tare da neman izinin hukuma ba.

A Kamaru wannan ma'ana ce aka fi biya da tsada, kuma sau da yawa a New Bell aka biya. Jam'iyyar UPC, wadda aka kafa a Duwala a Afrilun 1948 domin neman 'yancin kai, tana da jaridarta La Voix du Cameroun, kuma ofishinta yana New Bell. A tarzomar Mayun 1955 aka ƙone ofishin, a watan Yuli kuma aka haramta jam'iyyar.

Bayan samun 'yancin kai, a farkon Fabrairun 1962, an ɗebi fursunoni 52 daga Duwala aka rufe su a taragon kaya za a kai su Yawunde. Da jirgin ya isa, 25 daga cikinsu sun mutu saboda rashin iska. Jaridar Katolika L'Effort Camerounais ta fito da labarin. Aka ƙwace bugun, aka kori editanta Fada Pierre Fertin daga ƙasar. A watan Maris na wannan shekara gwamnatin Ahmadu Ahidjo ta kafa dokar hana zagon ƙasa, wadda ta sa baza labarin da hukuma ta kira ƙarya ya zama laifin ɗauri. Dokar ta zauna har 1990.

8.0 Pius Njawe da Kurkukun New Bell

Pius Njawe ya fara da tallar jarida yana yaro. A 1979, yana da shekara 22, ya kafa Le Messager a Bafusam, daga baya ya mayar da ita Duwala. A Disamban 1990 gwamnatin Paul Biya ta yi sabuwar dokar sadarwa wadda ta sauƙaƙa kafa jarida, amma ta bar tace labarai yadda yake: sai an kai wa jami'in mulki shafuka ya duba kafin su fita. Masu karatu a Duwala sun saba ganin jarida da farin fili ko baƙin zane a inda aka cire magana. Sai a 1996 aka soke wannan tsari.

A ƙarshen Disamban 1990 Le Messager ta buga buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban ƙasa, wadda wani matashi masanin tattalin arziki mai aiki a banki, Célestin Monga, ya rubuta. A Janairun 1991 aka gurfanar da shi da Njawe a kotun Duwala, jama'a suka yi dafifi a waje. An yanke masu ɗaurin wata shida na jeka-ka-gyara-halinka tare da tara. A watannin da suka biyo baya, lokacin zaman gida na gama-gari da ya tsayar da kasuwannin birnin, an dakatar da jaridu da dama. Maɗaba'ar Rotoprint ta Benjamin Zebaze, wadda jaridu masu zaman kansu suka koma bugawa a cikinta, ta sha kewayewa da jami'an tsaro.

A Disamban 1997 jaridar ta ba da labarin cewa shugaban ƙasa ya sami matsalar zuciya yayin kallon wasan ƙarshe na cin kofin ƙwallon Kamaru. Ranar 24 ga wata aka kama Njawe. A Janairun 1998 aka yanke masa shekara biyu bisa laifin yaɗa labarin ƙarya, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa shekara ɗaya. An kai shi babban kurkukun New Bell, wanda aka gina don mutum kimanin 800 amma yake ɗauke da ninkin-ba-ninkin haka. Kamar yadda ya sha faɗa daga baya, matarsa ta rasa cikin da take ɗauke da shi yana tsare. Daga cikin kurkukun ya riƙa rubuta halin da fursunoni ke ciki yana aikawa ana bugawa, rubutun da aka tara ya zama littafi. An yi masa afuwa a Oktoban 1998 bayan wata goma. A 2003 aka rufe gidan rediyonsa, Freedom FM, tun bai fara watsa shiri ba. Ya rasu a haɗarin mota a Amurka a Yulin 2010.

Idan aka duba waɗannan abubuwa a jere, za a ga hukuma ba ta taɓa cewa ta soke 'yanci ba. Wayar tangaraho ta riƙe, bugu ta ƙwace, maɗaba'a ta kewaye, mutum ta kulle. Wato takan kama ma'anoni uku na farko, ta huɗu sai ta mutu da kanta. Wanda ya riƙe tukunya da murhu ba ya bukatar ya haramta tuwo.

9.0 Abin Lura ga Mai Fassara

Daga abin da ya gabata, ana iya tsara fassarar kamar haka:

i. Idan ana maganar ƙarfe: injin ɗab'i.
ii. Idan ana maganar gida ko kamfani: maɗaba'a.
iii. Idan ana maganar mutane: 'yan jarida ko manema labarai. Idan abin da suke fitarwa ne: jaridu ko kafafen yaɗa labarai.
iv. Idan ana maganar haƙƙi: a nan ne ake bukatar natsuwa.

Kafafen Hausa sun saba cewa "'yancin 'yan jarida", musamman ranar 3 ga Mayu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe a 1993 domin tunawa da sanarwar Windhoek ta 1991. Fassarar ta zauna a baki, kuma tana da muhallinta idan ana maganar kare ma'aikacin da aka kama ko aka daka. Sai dai ta ɗauki ma'ana ta uku ta ɗora a kan ta huɗu. Mahaucin da ke sauraron rediyo a New Bell zai fahimci cewa wata alfarma ce ta masu katin aiki, kamar yadda direbobi ke da ƙungiyarsu, don haka babu ruwansa. Alhali Manga Bell sarki ne, Monga ma'aikacin banki ne, fursunonin tarago kuwa ba su da wata murya sai shafin da aka ƙwace. Duk inda nassin yake nufin haƙƙin kowa, ya fi dacewa a ce "'yancin ɗab'i", ko "'yancin bugawa da yaɗa labari".

10.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna yadda kalmar "press" ta tashi daga danna, ta zama inji, ta zama maɗaba'a, ta zama jama'ar sana'a, sannan ta zama haƙƙi. Ta kuma nuna cewa Hausa ta raba wa kowace ma'ana kalmarta, abin da ke tilasta wa mai fassara ya yanke shawarar da marubucin Ingilishi bai tsaya yankewa ba. Ɗalibin da ya ci karo da kalmar ya fara tambayar kansa: ƙarfe ake nufi, ko gida, ko mutane, ko haƙƙi? Idan haƙƙi ne, ya ƙara tambaya ta biyu, wato na wane ne. Tarihin New Bell, daga 1914 zuwa 1998, ya nuna cewa waɗanda suka nemi wannan haƙƙi har suka rasa rai ko walwala a kansa ba dukansu ne 'yan jarida ba.